Daga Ƙoƙon Fura Zuwa Kofin Chapman: Tarihin Abin Da Muke Tarbar Baƙo Da Shi

Bayan Babbar Sallar da ta wuce, wani maƙwabcinmu ya aurar da 'yarsa, aka yi walima a ƙofar gida bayan la'asar. An kafa rumfa, an jera kujerun roba, an ɗauko masu kwangilar abinci daga cikin gari. Duk wanda ya zauna sai a miƙo masa ƙaton kofi cike da jan abin sha, ga ƙanƙara, ga yankan kokwamba da lemo suna iyo a sama. Chapman ke nan, wanda yanzu da wuya a yi biki a Abuja ba a gan shi ba.

Akwai wani dattijo a cikinmu, tsohon tela, mutum mai yawan tambaya. Ya leƙa teburin da ake haɗin, sai ya ga saurayin yana ɗiga wani abu daga wata 'yar kwalba mai rawayan murfi, wadda takardar jikinta ta yi mata yawa. Ya ce, "Ɗana, wannan fa mene ne?" Yaron ya ce, "Baba, bitas ne, shi ke ba shi ɗanɗano." Dattijo ya karɓa ya miƙa wa jikansa ɗan sakandare, ya ce karanta mini. Yaro ya yi ta karatu har ya iso inda aka rubuta barasa kashi 44.7 cikin 100. Wuri ya yi tsit. Wasu sun riga sun shanye kofi biyu.

Saurayin ya rantse bai taɓa karanta takardar ba, haka maigidansa ya koya masa, kuma mun gaskata shi. Uban amarya kam kunya ta hana shi ɗaga kai. Abin da ya fitar da shi ranar shi ne kula biyu ta zoɓo da matan gida suka dafa don 'yan cikin gida, wanda da fari ba a ga ya isa fitowa gaban baƙi ba.

Makonni aka yi ana maganar a majalisa da bakin masallaci. Wasu suka ce ɗigo uku a kofi ai ba komai ba ne, wasu suka ce ko ɗigo ɗaya ne ba da su ba. Hukunci dai na malamai ne, ba na mujalla ba. Namu shi ne mu bi sawun abin: ta yaya muka taso daga ƙoƙon fura har muka iso kofin da ba mu san abin da ke ciki ba?

Ruwan baƙo

A ƙasar Hausa baƙo ba ya faɗin abin da ya kawo shi sai ya sha ruwa. Idan gidan da hali, a dama masa fura da nono. Idan babu nono, a yi farau-farau, wato ruwa da ɗan garin gero, don dai kada a miƙa masa tsurar ruwa. Al'adar ta daɗe a ƙasashen Sudan baki ɗaya. A 1352 Ibn Battuta, matafiyin nan na Tanja, ya ƙetare Sahara ya sauka Walata, a cikin Muritaniya ta yau. Aka gayyace shi liyafa, aka kawo masa dakakken gero da zuma da nono a ƙoƙo. Shi da ya saba da teburin sarakunan Gabas sai ya raina abin, har ya yi tunanin juyawa gida. Can gaba a tafiyarsa ta bakin Kwara ya sake ambaton wani abin sha mai suna daƙnu, ruwa da dakakken gero da ɗan zuma ko nono. Duk Bahaushen da ya ji wannan bayani zai ce ai ɗan'uwan fura ne. Bayan shekara 500, Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851, shi ma ya ambaci fura a littafin tafiyarsa.

Ban da fura, kakanninmu suna da kunun tsamiya da kunun kanwa da kunun gyaɗa, da jiƙon tsamiya na lokacin zafi, da ruwan kuka da ake damawa da nono ko a madadinsa. Zaƙi kuwa daga zuma yake fitowa, ko dabino, sai daga baya mazarƙwaila ta rake, wadda ƙasar Zazzau ta yi suna da ita, musamman wajen Makarfi. Farin sukari kayan fatake ne, a bayan raƙumi yake zuwa daga Tarabulus ta Gadamas da Agadas, sai masu hali. Bai zama kayan kowa ba sai bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911.

Musulunci kuma ya zo da nasa. A Madina ana jiƙa dabino ko zabibi a ruwa a sha, ana ce masa nabizu, kuma ba a barinsa ya wuce kwana uku, don kada ya juya. Ku riƙe wannan ƙa'ida, za mu dawo kanta. Da yake an hana giya, ƙasashen Musulmi sun zuba basirarsu a kan abin sha mai zaƙi da ƙamshi. Daga kalmar Larabci ta sha aka samu sharbat na Farisa da Turkiyya da Indiya, ruwan 'ya'yan itace da furanni da sukari, har da ƙanƙarar da ake saukowa da ita daga kan duwatsu. Kalmar sirop da muke ji a kantin magani ma daga can Turawa suka aro ta. Kun ga ashe haɗa abin sha mai daɗi wanda ba ya bugarwa ba sabon ilmi ba ne a wajenmu.

Hanyar Zuba

Mu da muke zaune a nan, ba mu ne Hausawan farko da suka sauko wannan ƙasa ta Gwari da Koro ba. Lokacin jihadi, da aka ci Zariya, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya yi kudu da jama'arsa, ya sami mafaka a Zuba. Ya rasu a yaƙi wajen Lapai a 1825, ƙanensa Abubakar, wanda ake kira Abu Ja saboda hasken fatarsa, ya gaje shi, ya kafa gari a 1828 aka sa masa sunansa. Wannan ita ce Abuja ta asali. Ranar 3 ga Fabrairu 1976 Janar Murtala Muhammad ya ba da sanarwar sabon babban birni, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda, kwana 10 kafin a kashe shi. Tsohon garin ya ba da sunansa ga sabon birni, shi kuma ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Gwamnati ta tare ranar 12 ga Disamba 1991, zamanin Janar Ibrahim Babangida.

Tsakanin waɗannan shekaru biyu iyayenmu suka yi ta kwararowa daga Kano da Katsina da Sakkwato da Zariya, har da Maraɗi da Damagaram. Leburori, direbobi, mahauta, masu shayi, 'yan ga-ruwa, masu gadi. Da maza suka sami wurin zama, mata suka biyo, kowacce da ƙullin kayan yajinta da buhun zoɓonta da tsamiyarta.

Abin da suka tarar a nan shi ne ya sauya abin shanmu. Abuja mahaɗa ce, kuma Zuba ɗin nan da ta karɓi Makau ita ce yau babbar kasuwar 'ya'yan itace ta birnin. Ku je da asuba ku ga motoci: lemo da mangwaro daga Binuwai, abarba da ayaba daga Kudu, kankana daga Arewa. Matar da a ƙauyensu abarba sai an je birni ake ganinta, a nan ɓawonta ma kyauta ake ba ta a wajen mai yanka. Ga maƙwabciya Bayarabiya, ga Inyamura, ga 'yar Tibi, ga 'yar Kudancin Kaduna, kowacce da irin hannunta. A tsakar gidajen haya irin namu aka yi wannan musaya, murhu kusa da murhu.

Zoɓo da abokan tafiyarsa

Zoɓo ɗan yakuwa ne. Ba furen ba ne kansa, kwanson nan ne mai tsoka da ke rufe 'ya'yan bayan fure ya faɗi. A gida ba a zubar da komai na yakuwa: ganye a miya da fate da kwaɗo, 'ya'yan a yi daddawar batso, kwanson kuma a shanya. Fari ya shiga miya, ja ya zama abin sha. A gefen gona ake shuka ta, iyaka ce tsakanin maƙwabta, kuma galibi rabon mata ce.

Wannan shuka ta gefen gona ta zaga duniya. A Misira da Sudan karkade ake ce mata, ana sha da zafi ana sha da sanyi, musamman da azumi. A Senegal bisap, a Gana sobolo, kuma duk wanda ya ji sobolo ya ji ƙamshin soɓorodo namu. A zamanin cinikin bayi ta ƙetare Tekun Atlantika. Yau a Jamaika ita ce abin shan Kirsimeti, ana dafa ta da citta da kanumfari kamar yadda muke yi, sai dai da yawansu suna zuba mata giyar rake. A Meziko kuwa sunan Jamaika ɗin suka laƙaba mata, suna furta shi hamaika, ana sayar da ita a manyan tulunan gilashi a bakin titi. Abin da zai ba ku mamaki, zoɓon da ake nomawa a Jigawa da Kano da Katsina ana loda shi a kwantena tan-tan, kuma Meziko ce babbar mai saye. Abin da muke jin kunyar fitarwa gaban baƙo, wasu da dala suke sayensa.

Abarba kuwa hanya ɗaya suka bi da zoɓo, amma ita tahowa ta yi. Asalinta Kudancin Amurka. Kolumbus ya gamu da ita a tsibirin Gwadalup a 1493, 'yan Fotugal suka kawo ta gaɓar Afirka ta Yamma a ƙarni na 16. Kanumfari daga tsibiran Maluku na Indunusiya ya fito, sunansa daga ƙaranful na Larabci, kuma a ƙarni na 19 Zanzibar da Pemba suka zama gonarsa. Citta 'yar Asiya ce, amma ta sami gida a Kudancin Kaduna, wajen Kaciya da Kwoi da Kafancan, inda mafi yawan ta Nijeriya take fitowa. Masu zoɓon unguwarmu ba su manta da 2023 ba, shekarar da cutar ruɓa ta cinye gonakin citta a can, farashi ya yi tashin gwauron zabo, wasu suka koma ƙara masoro da barkono don a ji yaji.

To, ku dubi kofin zoɓon abarba da kyau. Yakuwa daga Arewa, abarba daga Amurka ta hanyar Kudu, kanumfari daga Gabas mai nisa, citta daga maƙwabta. Duk baƙi ne irinmu, a nan suka haɗu.

Manyanmu mata suna tuna lokacin da zoɓo ya tashi daga abin shan gida ya zama sana'a. Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, lemon kwalba ya fi ƙarfin talaka, ga firji ya fara shiga gidaje, ga leda ta yawaita. Sai zoɓo da kunun aya da lemon citta suka fito ƙofar makaranta da tasha da wuraren gine-gine. Leburorin da suka gina Garki da Wuse da Maitama da shi suka kashe ƙishi. Mu da yawa a unguwar nan da kuɗin ƙullin zoɓo aka saya mana littafi da takalmin makaranta. Wannan ba ƙaramin tarihi ba ne, ko da ba a rubuta shi ba.

Daga ina Chapman ya fito?

Shi Chapman ɗan Legas ne. Labarin da aka fi yaɗawa shi ne a kulob ɗin Ikoyi, wanda aka kafa a 1938, aka fara haɗa shi don wani mai zuwa wurin da ake kira Chapman. Gininsa a kan lemon kwalba yake: Fanta da Sprite, sai jan sirop da ake kira giranadin, sai bitas, sai kokwamba da lemun tsami da lemun zaƙi da ƙanƙara. Kamfanin Nigerian Bottling Company, wanda A. G. Leventis ya kafa a 1951, shi ya sa irin waɗannan lemuka suka zama ruwan dare a ƙasar nan. Giranadin kuwa daga sunan rumman da Faransanci aka samo kalmar, don da ruwan rumman ake yinsa da can, ko da yake mafi yawan na kanti yanzu sukari ne da kala. Wasu suna sa Ribena a madadinsa. Da ma'aikatan gwamnati suka taso daga Legas a 1991, otal-otal da kulob-kulob suka biyo su, Chapman ya biyo, daga nan ya gangaro ɗakunan biki, har ya iso ƙofar gidajenmu.

Yanzu sai 'yar kwalbar nan ta dattijo. Sunanta Angostura. Wani likitan soja Bajamushe, Johann Siegert, wanda ya yi aiki a rundunar Simon Bolivar, shi ya haɗa ta a 1824 a garin Angostura na ƙasar Benezuwela, a matsayin maganin ciki ga sojoji. A 1875 'ya'yansa suka mai da sana'ar tsibirin Tirinidad, kuma har yau can ake yinta. Saiwoyi ne masu ɗaci da kayan ƙamshi, amma a cikin barasa ake jiƙa su, shi ya sa adadin ya kai kashi 44.7, ya ma fi na giya mai ƙarfi da yawa. Asalin wurinta teburin mashaya ne. Tun a 1806 wata jarida a jihar New York ta bayyana abin da Turawa ke kira koktel da cewa haɗin giya ne da sukari da ruwa da bitas. Daga baya aka ƙirƙiro wanda babu giya don masu ƙin sha, ana ce masa moktel, wato na kwaikwayo. Chapman a wannan layi ake sa shi, amma bitas ɗin ya biyo shi daga gidan asali. Wasu wuraren ma har Campari suke ƙarawa, ita kam giya ce ta Italiya ba wani kwana-kwana.

Wanda ya ce ɗigo kaɗan ne bai yi ƙarya ba, ba zai bugar da kowa ba. Amma mai gida da ya miƙa wa baƙo kofi, amana ya miƙa masa. Baƙon bai tambaya ba don ya yarda da gidan ne. Ko a nan aka tsaya, ya isa mutum ya san abin da aka zuba.

Namu ma sai da lura

Kada kuma mu ɗora wa kwalbar Tirinidad laifi duka mu wanke kanmu. Na gida ma yana da nasa haɗari, kuma mun ga ishara. A watan Maris na 2021, a Kano, ɗaruruwan mutane suka kwanta asibiti suna amai da fitsarin jini, wasu suka rasu, bayan sun sha abin sha da aka haɗa da wani gari da aka sayar musu da sunan ɗan tsami. Hukumar NAFDAC ta bincika ta gano sinadarin masana'anta ne, ba na ci ba. Da yawanmu muna da 'yan'uwa a unguwannin da abin ya shafa. Garin da ba shi da suna ba shi da kwanan wata, ana auna shi a ƙullin leda, bai kamata ya shiga tukunyar da yara za su sha ba, alhali ga lemun tsami da tsamiya a kasuwa.

Na biyu ruwa. Madatsar Usuma tana shayar da cikin birni, amma mu nan mun fi dogara da burtsatse da 'yan ga-ruwa. Zoɓon da aka tafasa lafiya lau yake, sai a zo a sirka shi da ɗanyen ruwa, ko a jefa masa ƙanƙarar da ba a san ruwan da aka yi ta da shi ba, ko a ɗura a robar da aka tsinto ba a wanke da kyau ba. A 2021 kwalara ta shigo Babban Birnin Tarayya, ba mu manta ba.

Na uku, ƙa'idar nabizu da muka ce ku riƙe. Duk ruwa mai zaƙi, idan ya zauna cikin zafi, ƙwayoyin yis da ke iska da jikin 'ya'yan itace za su cinye sukarin su mai da shi barasa da iska. Ɓawon abarba ya fi kowa saurin wannan, har a Meziko da shi suke yin wani tsimi da gangan. Idan aka ɗauke wuta kwana biyu, kika buɗe roba kika ji ta yi tsuwwa, ga kumfa, ga wari-wari, to Hajiya a zubar. Ruwa ba ya tsami banza. Kunun aya ma ya fi zoɓo rashin haƙuri, wuni ɗaya ya ishe shi a watan Maris.

Na huɗu sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa babba kada ya wuce kamar giram 50 a rana, wato wajen cokalin shayi 12, kuma rabin haka ya fi. Kwalbar kola ɗaya ta santilita 35 tana ɗauke da kusan cokali 9. Chapman kuwa lemo biyu ne aka haɗa aka ƙara sirop. Gwamnati ma ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi tun 2022. Ku ƙirga masu ciwon suga da hawan jini a layinku kaɗai. Shi zoɓo, binciken likitoci ya nuna yana ɗan saukar da hawan jini, amma ba wanda aka cika da sukari har cokali ya tsaya ba. Mai juna biyu da mai shan maganin hawan jini su tambayi likita kafin su mai da shi na kullum.

Yadda matan unguwa suka warware

Bayan walimar nan, wasu daga cikin matanmu masu zoɓo suka zauna suka duba abin da Chapman yake da shi da namu ba shi da shi. Suka ga abu uku ne: jan launi, iskar lemo, da ɗan ɗacin nan na ƙarshe. Launi dai zoɓo ya fi giranadin. Iska ana samunta a ruwan soda. Ɗaci kuwa ga shi a ɓawon lemo. Ga yadda suke yi na mutum 10 zuwa 12.

A sami busasshen zoɓo kofi 4, mai duhu, a ɗauraye shi da ruwan sanyi da sauri don yashi ya fita, kada a jiƙa launin ya tafi. A wanke abarba 1 sosai kafin a fere. A zuba zoɓon da ɓawon abarbar a tukunya da ruwa lita 3, da dakakkiyar ɗanyar citta kamar yatsa 3, da kanumfari 10. Ya tafasa minti 20, a sauke a rufe ya huce a hankali, sannan a tace da kyalle mai tsabta. Tun da ɗuminsa a sa mazarƙwaila ko markaɗaɗɗen dabino, kaɗan-kaɗan ana ɗanɗanawa. Naman abarbar a markaɗa a tace daban, a matse lemun zaƙi 4 da lemun tsami 3. Za ku ga da lemun tsami ya shiga jan ya ƙara haske. Kanwa kuwa, da wasu ke sawa don kashe tsami, baƙi take mai da shi, don haka a bar ta a nan.

Madadin bitas: ɓawon lemun zaƙi 2 da na garehul rabi, har da farin cikinsa don nan ɗacin yake, da sandar kirfa 1, da kanumfari 5, da masoro kaɗan. A dafa a ruwa kofi 2 har ya koma 1, a tace. Cokalin shayi ɗaya ya ishi kofi. Wannan kwana 2 ko 3 yake yi a firji, tun da babu barasar da za ta tsare shi.

Idan baƙi sun zauna, a sa ƙanƙara ta tafasasshen ruwa a kofi, a zuba zoɓon zuwa rabi, a ƙara ruwan abarba da lemo, a ɗiga na ɗacin, a jefa yankan kokwamba. Ruwan soda shi ne ƙarshe, a gaban mai sha, don kada iskar ta gudu. Mai son ya yi da Fanta da Sprite ɗinsa ba wanda ya hana shi, sai dai ya rage zaƙin zoɓon.

An gwada shi a wani suna a layin bayan masallaci watan jiya. Samari suka sha suka nemi ƙari, wani ma yana tambaya daga wane otal aka yo oda. Tsohon telan nan yana wurin. Da aka miƙo masa kofi ya ce, "'Yata, me da me ke ciki?" Ta lissafa masa tun daga zoɓo har masoro, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Ya ce Bismillah, ya sha.

Shawararmu ga masu hidima a gaba guda biyu ce. Idan kun ɗauko mai haɗa abin sha daga waje, ku ce ya jera muku kwalabensa ku karanta kafin a fara, ba rashin yarda ba ne, shi ma kun taimake shi. Sannan ku tuna akwai mata a unguwar nan da suka shekara 30 a kan tukunyar zoɓo, kuɗin da za a kai cikin gari zai iya tsayawa a hannunsu. Da tsohuwar zuma ake magani. Allah ya ba mu baƙi na alheri, ya ba mu abin tarbarsu na halal.